Jan Ɗigon da Na Mayar Fure

Zuwa ga Inna mai wannan fili,

Assalamu alaikum. Ina neman taimakonki da shawara, kuma ina roƙon kada ki tausaya mini kafin ki kai ƙarshen takardar nan. Zan fara da laifina, domin na lura duk sa'ad da na fara da wani zance dabam, kafin in iso wurin laifin na riga na gina masa rumfa. Na yi ƙarya da buroshi, aka kori wata baiwar Allah daga aiki a kan ƙaryar, ina tsaye a ɗakin ban ce uffan ba. Yau wata tara ke nan.

Shekaruna hamsin da biyu. Shekara goma sha shida ina aiki a wani gidan rainon yara, inda iyaye ma'aikata ke ajiye 'ya'yansu da safe su ɗauka da yamma. Raino aka ɗauke ni kamar kowa, amma tun makon farko aka gane ina da hannu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, marubucin allunan shaguna ne, kuma a wurinsa na koyi jan layi biyu da fensir kafin a taɓa fenti, da auna tazarar baƙaƙe da ido, da riƙe numfashi idan za a ja ƙafar harafi mai tsawo. Don haka duk rubutun da ke gidan nawa ne: allon bakin ƙofa, da na banɗaki, da na ɗakin barci, da jerin baƙaƙen da suka zagaye bangon ɗakin wasa. Yara da iyayensu ba su san ni da wani suna ba sai Malama Mai Buroshi.

Abin da na fi ji da shi shi ne allunan suna. Kowane yaro yana da ɗan katako kamar tafin hannun babba. Nakan goge shi da samfefa, in shafa farin fenti sau biyu, in rubuta sunan, sannan in yi ɗan zane a gefe, domin ɗan shekara biyu ba ya karatu, amma ya san laimarsa ko jirginsa ko tauraronsa. Ba na zana abu mai rai, saboda haka furanni da ganyaye sun yi yawa a aikina. Da safe allon yana rataye a ƙusar jakar yaro, da rana a ajiye shi a gaban kujerarsa a teburin cin abinci. Doka ɗaya ce a kan allunan nan. Yaron da akwai abin da jikinsa ba ya karɓa, ana yi wa allonsa jan ɗigo kamar murfin kwalba a kusurwar sama. Wadda ta ga ɗigon ba za ta zuba komai ba sai ta juya allon ta karanta abin da ke baya. Ni nake yin ɗigon, ni nake rubuta bayan.

Akwai wani yaro ɗan shekara uku da muke kira Direba, domin ko takalmi ya samu sai ya tuƙa shi. Ƙwai ba ya karɓarsa ko kaɗan. Tsohon allonsa ya gutsure, na zauna yi masa sabo. Sunansa gajere ne, baƙaƙe uku, na yi su da kore mai duhu, na zana masa shuɗiyar mota a ƙasa. Da na ɗora jan ɗigon sai ya tsaya a farin fili kamar gyambo. Na goge, na matsar da shi, na sake gogewa. A karo na uku na rage shi ya koma kamar ƙwayar wake, na yi masa kunnuwa biyar, na ja masa kara da ganye biyu. Ya zama fure, kuma allon ya yi kyau ƙwarai. Na ce wa kaina ja dai ja ne, kuma wa ke gidan nan da bai san Direba ba ya cin ƙwai? Shugabarmu ta wuce ta gaban allunan suna shan iska, ta ce kai, hannun Malama sai dai a yi shiru, ta shige ofis. Ba ta duba ko ɗaya ba. A shekara goma sha shida babu babban da ya taɓa duban allunan nan da gaske, sai mace ɗaya, kuma ita ce aka kora.

Yara suna kiranta Anti Sabuwa. Ta kai shekara arba'in da biyar, tana da 'ya'ya huɗu, ta daɗe tana jinyar tsofaffi a gidaje kafin ta zo mana. Tun ranar farko take ce mini Yaya. Ni aka ba ta in zagaya da ita, kuma da bakina na koya mata dokar: ki duba kusurwa, in babu ɗigo ki zuba, in akwai ki juya. Ta maimaita sau biyu kamar mai hadda. A kwananta na tara, wadda ta saba rabon abinci ta kai ɗanta asibiti, aka ce Sabuwa ta raba. Shinkafa ce da rabin dafaffen ƙwai. Na hango ta ta ƙofar ɗakin jarirai tana bin teburin da yatsa, allo bayan allo. Hannuna yana cikin wankin jariri, kuma wallahi a lokacin furen bai faɗo mini a rai ba.

Ba a yi minti goma sha biyar ba leɓɓan Direba suka kumbura, borin jini ya fito masa har wuya, numfashinsa ya koma fito. Shugaba ta sungume shi zuwa mota, Sabuwa ta bi su ba takalmi. Aka bar ni da sauran yara. Na lallashe su, na kwantar da su, na dawo share tebur. Allon yana nan a gaban kujerarsa, da ƙwayoyin shinkafa a kan motar.

Inna, ina so ki san cewa ban ruɗe ba. Da a ruɗe na yi, da na sami abin riƙewa. Na ɗauki allon zuwa ɗakin ajiya, na rufe kara da ganyen da farin fenti, na cike tsakanin kunnuwan furen da ja har ya zama ɗigo mai girman murfin kwalba, gefensa sumul, domin hannuna bai yi rawa ba. Na jingine shi a rana bayan tankin ruwa, na wanke buroshi, na mayar da gwangwani mazauninsa. Kafin la'asar allon ya bushe, ya koma ƙusarsa.

Sai aka bugo waya cewa an sa wa yaron na'urar numfashi, likitoci sun ce a yi addu'a. Na je alwala na tarar da jan fenti a ƙarƙashin farcena. Na tsaya na kankare shi da allura tsaf, saboda na san ruwa ba ya ratsa fenti, kada alwalata ta ƙi inganta. Ki dubi irin matar da nake. A sujadar ƙarshe na yi bakance: ya Ubangiji, idan ka tashi kafaɗun yaron nan, zan je gaban Shugaba in faɗi abin da hannuna ya yi tun daga fure har ɗigo.

Allah ya tashi kafaɗunsa. Kwana uku aka sallame shi.

A rana ta huɗu aka zauna a ofis: Shugaba, da mahaifin Direba, da Sabuwa, da ni a matsayin wadda ta fi kowa daɗewa. Sabuwa ta ce ta duba, babu ɗigo, fure ta gani. Mahaifin ya tambaye ta ko lambu aka ɗauke ta ta kula da shi, da har take ganin furanni a teburin abinci. Shugaba ta jawo aljihun tebur, ta ajiye allon a gabanta. Sabuwa ta ɗauka, ta kai shi kusa da fuska, ta nesanta shi, ta juya bayansa, sannan ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa na dubi kalandar da ke bango. Da ta kai shi hanci da ta ji warin sabon fenti, amma wanda bai saba cuta ba ba ya shinshina kayan mutane. Ta ajiye allon a hankali, ta ce to ke nan idonta ne ya yaudare ta, a gafarce ta. Ta roƙi mahaifin har ƙasa. Aka sallame ta daga aiki, ta ɗauki jakarta, ta yi mini sallama ni kaɗai a bakin ƙofa, ta ce Yaya, na ba ki kunya bayan duk koyarwar da kika yi mini.

Daga ranar na shiga ciniki da Ubangijina. Na ƙara azumin nafila har maigidana ya fara cewa wai so nake in riga shi shiga Aljanna in bar shi da ɗumame. Na sake wa duk yaran gidan alluna, na yi ɗigo manya kamar bakin kofi, na daina fure gaba ɗaya. Allon Direba da na cike wa ɗigo, da ya dawo hannuna daga ofis, na jefa shi ƙasan akwatin fentina, na kasa ƙona shi, na kasa dubansa. Sakamakon wannan himma, Shugaba ta ɗora ni a kan lura da abincin yara, kuma duk sabuwar ma'aikaciya sai a nuna mata ni a ce ta yi koyi da tsantsenin Malama. Mahaifiyar Direba ta kawo mini kyautar mayafi don godiya. Yana nan a ledarsa.

Shi kansa Direba ya dawo, yana tuƙa kujeru kamar da. Ranar da na miƙa masa sabon allonsa ya juya shi sama da ƙasa, ya tura baki, ya tambaye ni ina furensa. Abokiyar aikina tana wurin, ta yi dariya ta ce yaran zamani da ƙirƙira, mota aka ba shi yana neman fure. Na taya ta dariyar. Sau uku ya sake tambaya a makon, daga nan ya manta. Shaidata ɗaya a duniya ɗan shekara uku ne, kuma na zauna ina jiran ya manta.

A gida Alƙaliya ake ce mini, kuma ba don yabo ba. Na taɓa ƙaurace wa ƙanwata wata guda saboda ta ce mini tana hanya alhali ko wanka ba ta yi ba. Ɗana na fari ya kwaikwayi sa hannun babansa a takardar makaranta, na kai shi gaban malaminsa da kaina, na tsaya har ya faɗa da bakinsa, ina ce masa gaskiya ba ta kisa. Yanzu magidanci ne, yana ba matarsa labarin nan da alfahari a gabana. Ranar Asabar nakan zauna da matan unguwa mu yi karatu, ni ce mai jan baƙi, kuma a watannin nan tara har babin haƙƙin mutane mun wuce, muryata ba ta sarƙe ba.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai ɗaci a raina game da wasu ma. Wane irin gida ne zai rataya ran yaro a kan ɗigon fenti ɗaya, babu ko takarda a bangon kicin? Wace shugaba ce za ta bar ma'aikaciyar kwana tara ta raba abinci ita kaɗai? Shekara goma sha shida ana kawo baƙi a nuna musu bangona da allunana, ana cewa gidanmu ya fi na kowa kyau, kyau ake nema a wurina, kyau na bayar. Ina iya jera waɗannan har takarda ta ƙare. Amma na sani laifi tudu ne, kuma na sani ba Shugaba ce ta jingine allo a bayan tanki ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru a watan jiya. Ina shanya da hantsi sai ga sallamar Sabuwa, sanye da tabarau. Ta ce bayan abin nan ta je an auna idonta, likita ya ce bai ga wata matsala ba, ita ta nace sai da aka ba ta. Ta ce yanzu ko maganin tari za ta ba autarta, sai ta karanta kwalbar sau uku ta kuma kira babbar 'yarta ta karanta mata. Gidajen raino uku ta nema, duka labarin ya riga ta isa. Shi ne ta kwashe kayan falonta, ta shimfiɗa tabarmi, tana karɓar 'ya'yan maƙwabta. Ta sami huɗu, uwar ɗaya ta ji zancen ta janye nata. Ta zo ne in rubuta mata allon ƙofa da allunan suna uku, domin a cewarta hannuna yana da albarka. Ta gyara zaman tabaraun tana dariya, ta ce Yaya, nawa ɗigon ki yi shi kamar faranti, kin san irin idon ƙanwarki.

Na rubuta mata. Kwana shida na yi a kan allon ƙofar, kuma tun da na fara riƙe buroshi ban yi aikin da ya kai shi ba. Na ɗauka na kai da kaina, na shirya maganata tun daga gida, kalma bayan kalma. Na tarar da 'ya'yanta sun taru ganin allo, aka kawo mini shayi, babban ɗanta ya hau kujera ya kafa ƙusa. Ta ɗaga hannu ta yi mini addu'a, ta roƙi Allah ya ba ta zuciya irin tawa. Na ce amin. Na sha shayin har ƙasan kofi, na dawo gida.

Tambayoyina ke nan, Inna. Shin akwai kaffarar da za ta sauke mini wannan bakance, in yi ta komai nauyinta? Shin tono maganar yanzu, bayan yaro ya warke kuma ita ta fara tsayawa da ƙafarta, ba fama mata miki ba ne don ni in sami barci? Wani lokaci nakan ce a bar kaza cikin gashinta, in ci gaba da taimakonta a ɓoye har ƙarshen raina. Amma na san mai ba ni wannan shawara, ita ce dai wadda ta ce ja dai ja ne. Ina tsoron rasa aiki a wannan shekaru, ina tsoron idon ɗana, kuma fiye da duka ina tsoron ranar Asabar, in shiga ɗakin karatu a matsa mini wuri ba don girmamawa ba.

Na yi wa Allah alkawari a kan ran yaro, ya ba ni abin da na roƙa cikin kwana uku. Ni ban cika ba.

Taki,
Mai Buroshi

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa Mai Buroshi.

Kin ce kada in tausaya miki. Na tausaya, amma tausayin ba zai rage komai daga abin da zan faɗa ba.

Laifi biyu ne a takardarki, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Furen kuskuren mai sana'a ne da son kyau ya rinjaya, kuma a nan ba ke kaɗai ba ce. Kin yi gaskiya, gidan da ya jingina lafiyar yaro a kan alama ɗaya, ya bar baƙuwar hannu ita kaɗai a tebur, yana da nasa kason, kuma da kin yi magana a ranar da an raba laifin uku ko huɗu, kowa ya ɗauki nasa. Ɗigon da kika cike kuwa naki ne ke kaɗai. Da shi kika tattara kason kowa kika aza wa mace ɗaya, ita kuwa ita ce kaɗai ta yi abin da aka koya mata.

Maganar kaffara ki kai wa malami, ni ba fagena ba ne. Amma ke mai jan baƙi ce, kin san amsar da za ki ba wata da ta kawo miki wannan tambaya ranar Asabar. Duk abin da malami zai ce, tsakaninki da Ubangijinki ne. Ko shekara kika yi kina azumi, ba zai cire tabarau daga fuskar matar nan ba. Kina cewa kada ki fama mata miki. Mikin bai warke ba, 'yar'uwa. Mace mai lafiyar ido tana kiran 'yarta ta karanta mata kwalbar magani, iyaye suna janye 'ya'yansu daga hannunta, wannan ciwo ne da take kwana da shi take tashi da shi, kuma maganinsa yana bakinki. Allon ƙofa komai kyansa ba zai kawo mata yara ba muddin labarin yana gabanta.

Ga yadda nake ganin za ki bi. Ki fara da maigidanki, yau. Mutumin da ya lura da azuminki har yake tsokanarki ya cancanci ya ji daga bakinki kafin ya ji a waje, kuma za ki buƙaci wanda zai raka ki. Gobe ki je wurin Sabuwa a lokacin da yaran rainonta suka tafi, ki nemi ganinta ita kaɗai. Kada ki riƙa komai na kyauta, kada ki zauna shan shayi. Kalmarki ta farko ta zama cewa idonta lafiya lau, fure ta gani, ke kika mayar da shi ɗigo bayan an tafi asibiti. Ki tafi da tsohon allon da ke ƙasan akwatinki da guntun samfefa, ki goge farin a gabanta har kara da ganyen su fito. Wata tara tana ƙaryata idonta, tana da haƙƙin ta gani da shi.

Ki kiyaye abu biyu a wurin. Kada ki yi kukan da zai sa ita ta koma lallashinki, kin san halinta, za ta yi. Kuma kada ki nemi gafara a zaman nan. Wanda ya faɗi laifi ya miƙa hannun karɓar yafiya a numfashi ɗaya, ciniki ya zo yi. Ki faɗa, ki yi shiru, ki ɗauki duk abin da ya fito daga bakinta, ko zagi ne ko kora. Ta yiwu ta daina ce miki Yaya har abada. Wannan nata ne.

Daga nan sai Shugaba, domin bakancen da kika yi shi ne za ki tsaya a gabanta. Ki rubuta abin da ya faru a takarda ɗaya, ki sa hannu, ki miƙa mata tare da allon, don kada zance ya narke a ofis a ce a rufa wa juna asiri. Ki nemi abu uku a fili: a sanar da iyayen Direba, a ba Sabuwa takardar wanke suna, a kuma kira gidajen nan uku da suka ƙi ta a gaya musu gaskiya. Ko za ta so komawa aikin, ita za a tambaya, kada ku yanke mata. Idan Shugaba ta so binne maganar don kare sunan gidanta, ki gaya mata cikin ladabi cewa za ki je wurin iyayen yaron da kanki. Mayafin nan ma ki mayar wa mai shi.

Ba zan yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba. Ta yiwu a sallame ki, ta yiwu a sauke ki daga lura da abinci a bar miki buroshi, ta yiwu shekara goma sha shida su yi miki ceto. Hannunki dai ba mai ƙwace shi, kuma mai iya rubuta allo ba ta rasa ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Idan kin zauna, ki sa a kafa jerin yaran da abin da ba sa ci a bangon kicin da manyan baƙaƙe, kuma alamar gargaɗi ta zama ba ta cikin abin da mai zane ke da ra'ayi a kai. Furanninki kuwa ki mayar wa yara abinsu a ɗaya gefen, ba su suka yi laifi ba.

Game da ɗanki da matan Asabar, wasu za su yi gulma, wasu za su ji daɗin ganin Alƙaliya a gaban alƙali, kuma sai kin haɗiye wannan. Zai yi zafi na wasu watanni. Ita Sabuwa ta riga ta yi tara a cikin irinsa ba da haƙƙinta ba.

Kada ki jira ki ji kin shirya, kin ga yadda shiri ya ƙare a gaban kofin shayi. Kafin makon nan ya fita ki gama da ukun. Allah ya ba ki ƙarfin ƙafa da na harshe, ya mayar wa Sabuwa sunanta da natsuwarta, ya raya Direba cikin lafiya, ya karɓi tubanki.

Inna